Ƙwaryar da Yagana Ta Kife

Tsoro ya fara kama ni ne a bakin mashigi, ranar da na dawo gida, tun ban sauke gafakata daga kafaɗa ba.

Fitowata daga kwale-kwale ke nan, ƙafa ɗaya a ruwa ɗaya a tudu, sai na ji muryar kakarmu Yagana daga inda take bandar kifi.

"Jama'a, ku zo ku gane mini! Na aika miji Kukawa karatu, sun cinye naman sun aiko mini da ƙashi da rawani!"

Duk wanda ke mashigin ya fashe da dariya, har da mai fito. Ni ma na yi. Na waiga ina neman yayana Baƙo, don shi in ya yi dariya har masuntan da ke tsakiyar kogi sukan ɗago kai. Yana tsaye a jikin wata goriba. Na ga dariyar ta taso masa, ta zo har baki, sai ya datse ta da haƙori. Ya runtse ido. Gwiwar hannunsa ta hagu ta manne da haƙarƙarinsa, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ga shi kuwa safiya ce mai sanyi. Nan da nan ya saki fuska, ya tako ya ba ni hannu. Bai rungume ni ba, shi da ya saba ɗaga ni sama kamar damin kara.

"Sannu da hanya, Abdulwahid," ya ce a hankali, kamar mai auna numfashinsa.

Shu'ibu, shugaban 'yan kokawar garinmu, wanda muke kira Sarkin Fage, ya lura da irin kallon da nake yi. Ya dafa ni ya ce, "Kada ka damu, Malam. Sharaɗin magani ne. An hana shi dariya sai ya ka da Zarami, gwanin Tudun Gana."

Na ce to. Amma tsoron nan har yau da nake wannan rubutu bai sake ni ba.

Labarin Yagana nake so in ajiye tun yana sabo a kaina.

A gaɓar Tafkin Cadi aka haife ta. Ubanta Bunu fatake ne, yana kawo kanwa da banda a kan takarkarai zuwa Haɗejiya. Wata shekara ciwo ya kwantar da shi a hanya, damina ta riske shi, ruwa ya malale fadama ya rufe hanyoyi, sai ya yada zango a ƙauyenmu, Garin Umara. Bai ƙara tashi ba. Tana 'yar ƙarama a lokacin, amma har yanzu harshenta bai miƙe sarai ba, in kuwa ranta ya ɓaci da Barbarci take faɗa, don kada wanda ake yi wa ya sami abin ramawa. Gajeriya ce, baƙa, hayaƙin banda ya rina mata ido. Ban taɓa ganin wanda ya wuce ta gaban rumfarta bai sami rabonsa na tsokana ba. Mu jikokinta kuwa duk mazanta ne. Baƙo shi ne Maigida. Ni tun ina koyon babbaƙu ta laƙaba mini Goni, sunan da ake ba wanda ya ƙware a Alƙur'ani, don dai ta ga na ji kunya.

Ita ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu. Ita ta dage in tafi gabas karatu, ta ce gida ɗaya ba ya buƙatar 'yan kokawa biyu, musamman in na biyun iska tana iya ka da shi. Duk shekarun da na yi a can, ba ayarin da zai tashi daga Haɗejiya bai zo mini da ƙunshin bandarta ba.

Amma abin da aka fi saninta da shi a garuruwan bakin kogi shi ne ita ce mai tukunya. A wajenmu, da zarar an yanke gero an fara kokawar kaka, gwanin gari ba ya cin abincin kowa sai na mace ɗaya, don gudun kada a ba shi wani abu a ciki. Ita ke dafa masa biskin gero, ita ke dama masa kunu, ita kaɗai ke shiga inda yake kwana. Saboda haka ba abin da ke ɓoye mata, kuma ana sa ta ta ɗauki alkawari cewa abin da ta gani ba zai fita daga bakinta ba. Ranar kokawa ita ke kawo masa kunu a ƙwarya har tsakiyar fage. Sai ya sha a gaban jama'a sannan makaɗa su kaɗa masa takensa. In kuwa ta kife ƙwaryar a ƙasa, to ba zai shiga ba. Tsofaffi sun ce ba a taɓa kifewa ba sai in an yi mutuwa a gidan ɗan kokawar.

Abin da ake ɓoyewa kuwa kowa ya sani, ciwo ne. Ba garin da ba ya yi. Mai targaɗe a ɗaura masa kambu a kan kumburin, a ce magani ne. Mai ciwon gwiwa a kulle shi a ɗaki, a ce an sa shi halwa. In abokin karawa ya san inda ke ciwo, nan zai kama. In kuma aka janye gwani, 'yan matan ɗaya garin su yi shekara suna waƙa a kansa, duk kasuwar da mutumin garinku ya shiga sai an rera masa. Shi ya sa kowace kaka ake cika da zargi. A kasuwar Kafin Hausa sai ka ga mutane sun bar ciniki suna musu a kan yadda wane ya taka ƙafa. Ana aiko 'yan leƙen asiri su zo kamar masu sayen kifi, su zauna suna kallon yadda gwani ke sunkuyawa in zai yi alwala.

Yagana ta san wannan wasa fiye da kowa, don a kan mijinta ta koye shi. Kakanmu Bakari shi ne gwanin Garin Umara a zamaninsa. Kafaɗarsa ta goce ana gab da wata babbar kokawa, aka mayar da ita a ɓoye, aka ɗaure. Yagana tana amarya a lokacin, ta riƙe bakinta, ta kai masa kunu, ya sha, ya shiga, ya kuwa yi kaye. Daga ranar hannun bai ƙara ɗaguwa ba. Ni na san shi tsoho ne mai hannu ɗaya a rataye, yana saƙar tabarmar kaba da ɗayan, yana danne ta da yatsan ƙafa. Bai ƙara tuƙa jirgi ba, bai ƙara jefa taru ba. Lokacin ne Yagana ta kama bandar kifi don gida ya ci. In an tuna mata wannan kaye takan ce, "Gari ya sami waƙa, ni na sami mai hannu ɗaya." Sai ta yi dariya ta ci gaba da juya kifinta.

Duk da haka ba ta bar tukunyar ba, don tana son kokawa kamar ranta. Ta san taken kowane gwani daga nan har Malam Maduri. Ta ɓoye targaɗe, ta ɓoye zazzaɓi, ta taɓa yi wa wani ɗan leƙen asiri ƙarya har ya koma gida yana rantsuwa a kanta. Ba a taɓa kama ta da sakin magana ba.

Da hantsi ya yi a ranar da na dawo, mutane suka ragu, na je na tsuguna a gefen rumfarta. Na ce, "Kaka, abin da ke damun Yaya ba sharaɗin magani ba ne."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai Goni, ka zaci don ƙashinka na yi wannan shelar? Shi nake kallo."

Ta gaya mini a kokawar da aka yi kwanakin baya a wani ƙauye na kudu ya ka da mutum, amma suka faɗi tare, gwiwar mutumin ta shige masa awaza. Tun daga nan yake rage biski. Kunu ma kurɓa-kurɓa yake sha. In ta jefa barkono a wuta sai ya bar gidan, don kada ya yi atishawa. Ta tambaye shi, ya ce ba komai. Shi da Shu'ibu sun ɗaure wurin da sawayen saƙi a ƙarƙashin guru, ko ita ba su nuna mata ba.

"Ni za a ɓoye wa," ta ce. "Ni da na ɓoye na kakansa."

A gabana ta aika aka kira mata Shu'ibu. Ba mugun mutum ba ne, kuma tare suka tashi da mahaifinmu. Ya zauna ya ce, "Ya Gana, tsagewa ce kawai. Kokawa ɗaya ce ta rage. Bara mutanen Tudun Gana sun zo har fagenmu Zarami ya ka da mu, kin ji abin da 'yan matansu suka yi mana. Yaron nan ma shi ya ce ba zai janye ba. Baƙo ba ya daɗewa da mutum. Kafin a ce haka an gama."

"Haka aka ce mini a kan Bakari."

"Bakari ya yi kaye."

"Ya yi. Ka zo in nuna maka tabarmin da ya bari."

Suka daɗe suna ja. A ƙarshe ta ce za ta riƙe bakinta kamar yadda ta saba, amma da sharaɗi ɗaya: Baƙo ba zai yi fiton baƙi ba.

Wannan ma al'adarmu ce. Tudun Gana a ƙetaren kogi take. In baƙi za su zo kokawa, gwanin masu masauki shi ke ɗaukar babban jirgi ya je ya ƙetaro da su da hannunsa. A baki girmamawa ce. Amma kowa ya san nuni ne: ga mutuminmu, ku dube shi da kyau, lafiyarsa ƙalau. Shu'ibu ya ce ya yarda, za a sami wani dalili a ba mai fito sandar tuƙi.

Sai dai kafin ranar, zance ya dawo daga kasuwar Kafin Hausa cewa mutanen Tudun Gana suna yaɗa Baƙo a karye yake, wai an ga ya daina dariya. Samari suka taru a kan Shu'ibu. Suka ce in wani ya yi fiton nan, to an tabbatar musu da zarginsu. Baƙo da kansa ya ce in an hana shi sandar, ba zai ƙara ɗaura warki ba. Na same shi na roƙe shi. Ya ce, "Malam, kai ka yi mini addu'a. Wannan ba karatu ba ne." Ya so ya yi murmushi, ya fasa.

Ranar kokawa da hantsi duk gari ya fito mashigi. Kogi bai gama janyewa ba, ruwan yana da ƙarfi a tsakiya. Baƙo ya tafi da jirgi ba kowa a ciki, ya dawo da shi cike: Zarami, 'yan kokawarsu, makaɗa da manyan ganguna. Muna hango shi yana kafa doguwar sandar tuƙi yana dannawa da dukan ƙirjinsa, yana zarewa, yana sake kafawa. Wani maroƙin Tudun Gana yana ta zuba barkwanci a cikin jirgin, mutanensu suna ta ƙyaƙyatawa suna kallon fuskar Baƙo. Ko gezau bai yi ba. Da jirgin ya taɓa gaɓa mutanenmu suka ɗauki sowa, mata suka rangaɗa guɗa. Shu'ibu ya dube ni kamar ya ce, ka gani?

Baƙi suka hau tudu, jama'a suka bi su. Baƙo ya tsaya ɗaure jirgi. Ya sunkuya kamar zai wanke fuska, ya yi tofi a ruwa. Abin da ya fito ja ne. Ya bazu a kan ruwan, kogi ya tafi da shi. Ina tsaye a bayansa, na gani da idona. Da na waiga sai ga Yagana tsugune a gefe da kwandon tarwaɗa, wuƙa a hannunta, ta daina fiɗa. Ta wanke hannu ta tashi ta nufi gida.

Bayan la'asar fage ya cika. Yara da matsakaita suka yi nasu aka gama. Zarami ya sha kununsa daga hannun mai tukunyarsu, aka kaɗa masa take, ya zagaya fage yana kirari. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Sannan aka buɗe wa Yagana hanya.

Ta shigo da ƙwarya a kai, an rufe da faifai, tana tafiyarta ta kullum. Baƙo ya fito tsakiya ya miƙa hannu. Ta sauke ƙwaryar, ta ɗage faifan. Ba komai a ciki. Ta sunkuya ta kife ta a kan rairayi, ta zauna a gefenta ta miƙe ƙafa.

Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Shu'ibu ya rugo. Ya ce, "Ya Gana, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu," ta ce, yadda kowa zai ji. "Shi ya sa na kife tun yanzu."

Ta juya wajen mutanen Tudun Gana ta ce, "Zarginku gaskiya ne. Haƙarƙarinsa a karye yake, da shi ya ƙetaro da ku, yanzu kuma jini yake tofarwa. Ku je ku yi waƙarku. Ku sa sunana a ciki, Yagana 'yar Bunu, kada ku ɓata shi."

Fage ya hargitse. Samarinmu suna ihu a fitar da ita. Wata tsohuwa tana cewa ta ci amanar tukunya. Baƙo ya tsaya a kanta ya ce, "Tsohuwa, kin kashe ni."

"Maigida, na taɓa zama da mai hannu ɗaya, na iya. Zama da kabari ne ban iya ba."

Ya juya mata baya. Ya ɗaga hannun dama sama don ya nuna wa jama'a ƙarya take yi, ya ja numfashi ya fara kirarinsa. Bai kai rabi ba tari ya sarƙe shi. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya dafa ƙasa, jini ya zubo a kan rairayi kusa da ƙwaryar. Masu ihun suka yi tsit.

Zarami ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kwance gurunsa ya rataya a kafaɗa, ya ce da Shu'ibu, "Da kun faɗa mini a jirgi, da na karɓi sandar." Ya fita daga fage. Mutanensu ba duka suka yi irin halinsa ba. Kafin su kai mashigi mun ji 'yan matansu sun fara haɗa waƙar.

Mu muka ɗauki Baƙo zuwa gida. Washegari da sassafe samari suka aiko a karɓi tukunyar daga hannun Yagana, wai ba za ta ƙara dafa wa gwanin Garin Umara ba. Ta miƙa musu ta ce, "Ku riƙe ta gindi, bakin ya daɗe da tsagewa." Da suka fita na ga ta tsaya tana kallon murhun. Ba ta daɗe ba ta shiga haɗa kaya.

Akwai wani maɗori a wajen Miga da aka ce ya san ciwon ƙirji. Tafiyar gaba da ruwa ce, ba ta gangara ba, tana son mai ƙarfi, samarin gari kuwa duk suka noƙe. Mun shimfiɗa tabarma a jirgi muna tunanin yadda za a yi, sai ga Shu'ibu. Bai gaishe ta ba, ita ma ba ta dube shi ba. Ya shiga ya ɗauki sandar tuƙi. Yagana ta zauna a tsakiya ta jingina Baƙo a jikinta, don ba ya iya kwanciya. Tun ranar fage bai yi mata magana ba. Amma na ga da jirgin ya motsa ya kama bakin zanenta ya riƙe.

Na ce zan bi su. Ta ce jirgi ba ya son nauyi, ko da na ƙashi ne. "Goni, ga kifina nan a kan wuta. Ka riƙa juya shi. Kada ka tsaya kana yi masa karatu."

Ga ni nan a rumfarta. Ina juya kifin, wani ya ƙone, wani ya yi. Masu saye sun ragu, wasu sukan wuce ba sallama. Wasu kuma, yawanci mata, sukan tsaya su tambaya ko an ji wani abu, su ajiye mini tuwo su tafi. Shekaranjiya uwar wani ƙaramin ɗan kokawa ta zo ta raɗa mini cewa ɗanta ma yana ɗingishi in ba kowa, ta tambaye ni yaushe Ya Gana za ta dawo.

Barci ba ya zama a idona sosai. Ko ina salla sai in ga jan nan yana bazuwa a kan ruwa. Duk jirgin da ya gangaro daga yamma sai na tashi na tare shi. Wani mai kawo shinkafa ya ce ya gamu da su a hanya, mara lafiyan yana zaune idonsa biyu, tsohuwar tana yi wa mai tuƙi faɗa da Barbarci. Bayan wannan ba wanda ya zo da komai. Ban sani ba ko sun isa wajen maɗorin, ban sani ba ko jinin ya tsaya. Har yanzu muna jiran labari.